Kafin Ka Ce Kalifa Ce

Akwai wata magana da ke saurin fita daga bakin yaran gareji da zarar an kawo tsohuwar mota tayarta ta baya tana ƙauri, wili ya ɗau zafi har ba ya taɓuwa: "Kalifa ce." Ba a ɗaga motar ba, ba a kwance noti ko ɗaya ba, an riga an yanke hukunci, an tura mai mota Ƙofar Ruwa ko Panteka ya sayo wata. Wani lokaci a dace. Wani lokaci kuma bayan kwana uku motar ta dawo da ƙaurinta, sabuwar kalifar ta riƙe kamar yadda tsohuwar ta riƙe, mai mota ya yi asarar kuɗi, gareji ya yi asarar mutunci. Nasihata gare ku, ƙannena masu koyon kanikanci, da ku samarin da kuka fara riƙe sitiyari, ita ce birkin da ya riƙe yana da mai riƙe shi, kuma motar da kanta za ta nuna muku shi cikin 'yan mintoci in kun bi ta daki-daki. Sayen kaya kafin bincike caca ce, ko da an ci.

Sai mutum ya san yadda birkin dis yake sakin taya sannan zai gane abin da ke hana shi saki. A birkin duram akwai sifirin masu ƙarfi da ke fizgo layinin baya da zarar direba ya ɗaga ƙafa. Birkin dis bai samu wannan gatan ba. In ka taka, man birki ya tura fistin, fistin ya tura fad, fad ya matse faifan ƙarfen. In ka ɗaga ƙafa, babu sifirin da zai dawo da fistin. Abin da ke dawo da shi wata 'yar roba ce mai kusurwa huɗu da ke zaune a wani kwarmi cikin kalifa, ta rungume shi. Yayin da fistin ke fita sai ta ɗan lanƙwashe ta bi shi, matsin mai na sauka sai ta koma siffarta ta jawo shi baya. Tazarar duka ba ta kai milimita ɗaya ba. To ku duba: duk sakin da tayar nan za ta samu ya rataya ne a kan ƙarfin 'yar robar da ba ta kai kaurin igiyar takalmi ba. Ɗan tsatsa ya isa ya rinjaye ta, ɗan datti ya isa, ɗan ragowar matsin mai a cikin tiyo ma ya isa. Shi ya sa masu laifin suke da yawa amma alamarsu iri ɗaya ce: zafi, ƙauri, mota ta yi nauyi kamar ana jan ta ta baya, fetur yana ƙarewa da wuri. Wanda ya kalli alamar kawai ya ambaci sunan mai laifi, ya yi duba ne, bai yi kanikanci ba.

Ba banza ba ne matsalar ta fi yawa a baya, kuma a tsofaffin motoci. Birkin gaba ne ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayar da mota, domin nauyinta gaba yake komawa idan an taka. Na baya aikinsa kaɗan ne, fistinsa ba ya motsi sosai, ƙarfen da ba ya motsi kuwa tsatsa ce abokiyar zamansa. Yawancin motocin da ke hannunmu 'yan Kwatano ne, sun yi shekaru a Turai ko Amurka ko Kanada inda ake zuba gishiri a kan titi lokacin ƙanƙara, sun iso mana ƙarƙashinsu ya riga ya ciwu. A nan kuma ƙurar hunturu da ruwan damina su ƙarasa aikin, musamman in robar da ke rufe bakin fistin ta tsage. Shi kansa man birki yana da nasa hali: DOT 3 da DOT 4 suna shan danshin iska a hankali. Sabon DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma in ya sha ruwa kimanin kashi 3.7 cikin ɗari, ƙa'idarsa ta sauko zuwa 155. Na DOT 3 kuwa daga 205 zuwa 140. Ruwan nan shi ke cin fistin daga ciki, inda ido ba ya gani. Kamfanoni da yawa suna cewa a sauya man duk shekara biyu. A faɗi gaskiya, motoci nawa ne a garinku aka taɓa zubar musu da man birki gaba ɗaya, ba ƙari kawai ba?

Tambaya ta farko ba ta buƙatar sifana: taya nawa ne suka riƙe? A ɗan zaga da motar ba tare da yawan taka birki ba, a tsaya, a kai bayan hannu kusa da kowane wili a kwatanta. Kusa na ce, kada a taɓa faifan, domin yana iya ɗaye fata, kada kuma a watsa masa ruwa yana da zafi. Sannan a sa wa tayoyin gaba waigi, a ɗaga bayan motar, a tokare ta da abin da ba zai zame ba, kada a shiga ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai. A saki birkin hannu a juya kowace taya. Ɗan sautin goga kaɗan ba laifi ba ne, haka birkin dis yake. Wadda ta ƙi juyawa sai da hannu biyu, ko ta tsaya cak da zarar an sake ta, ita ce mai magana. Idan taya ɗaya ce, laifin yana nan kusa da ita. Idan duka na baya ne, da wuya kalifa biyu su lalace rana ɗaya, a nemi abin da suka yi tarayya a kai. Idan kuwa ta baya ta dama ce da ta gaba ta hagu, ko akasin haka, wannan ma labari ne, domin yawancin motocin da ke ja da tayoyin gaba an raba layin birkinsu ne a gicciye, matsalar tana can sama wajen masta. A nan ne kuma za a girgiza tayar a saurari gurnani, domin boris da ya mutu shi ma yana sa wili zafi, kuma ba ruwansa da birki.

Daga nan sai birkin hannu, domin shi ne mafi sauƙin kamawa kuma mafi yawan a manta da shi. Iri biyu ne a tsofaffin motocin da ke da dis a baya. A Toyota Camry da tsofaffin Marsandi, akwai wani ƙaramin duram a cikin cibiyar faifan da nasa layinin daban. A Honda Accord da Sharan da Golf 4 kuwa, kebul ɗin yana jan wani ɗan hannu ne a jikin kalifar kanta, shi kuma ya tura fistin. Mai mota otomatik yakan shekara bai ja birkin hannu ba, ya sa giya a P ya yi tafiyarsa. Ran da wani ya ja, kebul ɗin da tsatsa ta cika kubensa ya tafi ya ƙi dawowa. A leƙa bayan kalifa a ga ko ɗan hannun ya koma ya zauna a mazauninsa. In bai koma ba, a cire kan kebul ɗin daga jikinsa. Tayar ta saki? To kebul ne, ko kuma wani ya ɗaure shi fiye da kima don ya rage tsawon jan hannu. Kalifar ba ta da laifi, kuma da an sayo sabuwa an ɗaura mata wannan kebul ɗin, da ita ma ta riƙe.

Yanzu ga gwajin da nake so kowane yaro ya haddace kamar sunansa, domin shi ke raba gardama gida biyu. A bayan kowace kalifa akwai ɗan notin da ake cire iska ta cikinsa, galibi mai lamba 8 ko 10 ko 11. A taka birki da ƙarfi sau biyar ko shida, a ɗaga ƙafa, a tabbatar tayar ta riƙe. Sai a sa sifana mai zobe a ɗan sassauta notin, a hankali, domin a tsohuwar mota yana iya karyewa a ciki ya jawo wani aikin, gara a fara jiƙa shi da man sassauta tsatsa. Ido a kan notin, hannu ɗaya a kan tayar. Idan mai ya yi tsartuwa, tsit, tayar kuma nan take ta saki ta juya sumul, to mai ne ya maƙale a ciki da matsinsa, ya shiga ya rasa hanyar komawa. Fistin lafiyarsa ƙalau, tunda ga shi ya koma da aka ba shi dama. Idan kuwa man ya ɗan ɗiga kawai, tayar tana nan a riƙe, to ba mai ba ne, ƙarfe ne ya cije. Minti biyu ke nan, ba a kashe ko sisi ba, an wanke rabin waɗanda ake zargi. Sharaɗi ɗaya ne: a yi gwajin lokacin da ciwon yake nan. Akwai motar da da safe lafiya lau take, sai ta yi tafiyar rabin awa mai ya ɗumama ya kumbura sannan ta fara riƙewa. Irin wannan a gwada ta da zafinta, in ta huce za ta yi muku ƙarya.

In gwajin ya nuna mai ne, sai a bi layin a yi ta hawa sama. Babban wanda ake zargi shi ne tiyon roba da ke haɗa bututun ƙarfe da kalifa. Daga waje za ka gan shi garau, amma cikinsa ya ruɓe, wani ɓallin roba ya zama kamar murfi mai buɗewa ta gefe ɗaya. Ƙarfin ƙafa ya isa ya tura mai ya wuce, amma 'yar robar fistin ba ta da ƙarfin maido shi. A sake taka birki tayar ta riƙe, wannan karon a sassauta mahaɗar da ke saman tiyon. In tayar ba ta saki a nan ba amma ta saki a notin kalifa, an kama ɓarawo, yana tsakanin wuraren biyu. In ta saki a sama, a ci gaba: bututun da dutse ko jak ya lotsa, bawul ɗin da ke auna lodi a gatarin baya a wasu motoci, akwatin ABS, har a kai bakin masta. A cikin masta akwai wani ƙanƙanin rami da mai ke bi ya koma tankinsa idan an ɗaga ƙafa. Feda ta ƙi komawa ƙarshenta, ko an ƙara wa sandar da ke tura masta tsawo, ko an ɗaura makunnin fitilar birki yana tokare feda, duk suna rufe ramin nan. A sassauta notuna biyu da ke riƙe masta a jikin busta, in tayoyin suka saki an san inda gizo ke saƙa. Haka ma tankin da aka cika maƙil har wuya, mai ya yi zafi ya rasa wurin kumbura. Akwai kuma tarkon kayan gwanjo: wasu tsofaffin masta na motoci masu duram an yi su ne su riƙe ɗan matsi a layi da gangan. In aka ɗaura irinsu a motar da ke da dis don kawai notunan sun hau, fad ba zai taɓa saki sosai ba.

In kuwa ƙarfe ne ya cije, wurare uku ake dubawa, kuma tsofaffin fad ɗin da za ku cire su ne shaidu, kada a jefar da su kafin a karanta su. Yawancin kalifar baya fistinta ɗaya ne, ta ciki, ita kuma kalifar tana zamewa a kan sanduna biyu don ta jawo fad na waje. In sandunan suka ƙafe, sau da yawa za ka ga fad na ciki ya cinye har ƙarfe, na waje da sauran namansa. In ɗaya ce ta ƙafe, cin zai zo a karkace, gefe ɗaya siriri gefe ɗaya mai kauri. Sanda mai lafiya da yatsa biyu ake zaro ta. Wadda sai an sa filaya ana murɗawa, ta fito a bushe da jan gari a jikinta, ta amsa laifinta. Wuri na biyu shi ne mazaunin kunnuwan fad. Tsatsa takan taru a ƙarƙashin 'yan gwangwanayen da fad ke zamewa a kai, ta kumburo su, fad ya shiga da guduma ya ƙi fita. Maganinsa a cire gwangwanayen a kankare ƙarfen har ya yi fari, ba a kai fad wajen dutsen wuta a rage masa kunne ba. Sai na uku, fistin kansa. A nan ne masu gaggawa suke ɓarna. Kalifar da birkin hannu ke jikinta, fistinta a kan zare yake, murɗa shi ake yi ana dannawa yana shiga. Wanda ya sa masa matsi kai tsaye ya ga ya ƙi, zai ce ya mutu, alhali shi ne ke shirin kashe shi. In an gama murɗawa, a irin na Honda, a daidaita tsagar fuskarsa da ɗan ƙullutun da ke bayan fad, in ba haka ba fad zai zauna a karkace ya riƙe. Fistin da aka fitar aka ga tsatsa ta yi masa ramuka, wannan kam ya gama aiki, samfefa ba ta cike rami. A nan ne "kalifa ce" ta zama gaskiya, kuma yanzu kana da abin da za ka nuna wa mai mota a tafin hannunka.

Za a ce giris ai giris ne, wanda aka sa wa boris shi za a shafa wa sandunan. Robobin birki an yi su ne don man birki, ba sa jituwa da duk abin da aka samo daga ɗanyen man fetur. Baƙin mai, man giya, kananzir, fetur ɗin da ake wanke kaya da shi, giris na gama-gari, duk suna sa su kumbura su yi laushi. Sandar da aka shafa wa irin wannan yau za ta zame, bayan 'yan watanni robar ta kumbure ta shaƙe ta fiye da da. Giris na silikon ko jan giris na roba ake sa wa sandunan, fistin da 'yar robarsa kuma a shafa musu man birki mai tsabta. Mafi muni shi ne a zuba wani mai daban a tankin birki, ko a auna man birki da galan ɗin da aka taɓa zuba baƙin mai. In ka buɗe murfin tanki ka ga robarsa ta kumbura ta yi lagwab, ta ƙi komawa mazauninta, ka san duk wata roba da ke layin ta sha guba, sauya kalifa ɗaya ba zai yi komai ba.

Na san abin da wasunku za su ce. Mai mota yana tsaye a kanka yana duba agogo, sauya kalifa ya fi sauri, ya fi kawo kuɗi, kuma maigida da ya shekara talatin yana aikin nan kallo ɗaya yake yi ya faɗi ciwo. Batun sauri ba ya tsayawa, domin duk gwaje-gwajen nan ba su kai tsawon lokacin zuwa kasuwa a dawo ba, balle a je sau biyu. Batun kuɗi kuwa, kalifar gwanjo da za a sayo ita ma daga wata tsohuwar motar aka ciro ta, ta yi watanni a kwantena da rumfa bakinta a buɗe, ba wanda ya ce ta fi taka lafiya. Shi kuwa maigida, ku lura da shi da kyau. Kafin ya yi magana ya riga ya kai hannu kusa da wili huɗu, ya ja birkin hannu ya saki, ya leƙa tankin mai, ya taɓa feda da ƙafa. Binciken yake yi, sabo ne ya sa ba ku ga lokacin da ya yi ba. Yaron da ya kwaikwayi saurin bakinsa ya bar abin da idonsa da hannunsa suka yi, ya ɗauki kwanon ya bar tuwon.

Akwai wata dabara da ba zan wuce ba ban ambata ba, domin ana yin ta: a kashe layin. A cusa ƙusa a bututu, ko a lanƙwashe shi a daddake, a ce ai birkin baya ba ya wani aiki. Gaskiya ne tayar za ta daina zafi. Amma motar da tayar baya ɗaya ke kamawa ɗaya ba ta kamawa, in aka taka birkin gaggawa a kan kwalta mai ruwa, ja take yi gefe. Kuma wai aikin na baya kaɗan ne, wannan a motar da ba ta da kaya ke nan. Sharan da ta ɗauko fasinja cike, but ya ƙi rufuwa saboda buhuna, nauyinta ya koma baya, a lokacin ne ake buƙatar birkin da aka kashe. Barin sa yana riƙewa ma ba mafita ba ne: zafin yana narkar da giris ɗin boris, yana ƙona faifai har ya yi shuɗi, yana tafasa tsohon man da ya sha ruwa. Man da ya tafasa tururi ne, tururi kuwa matsuwa yake yi, direba ya taka feda ta tafi har ƙasa a gangara.

Bayan an kama mai laifi an gyara, da sauran aiki. Fad ɗin da ya ƙone ya yi ƙyalli ba ya komawa daidai, a sauya shi, kuma a sauya na tayoyin baya duka biyu tare. A duba kaurin faifan, akwai mafi ƙarancin kaurin da aka yarda da shi a rubuce a jikinsa. In tiyo ɗaya ya ruɓe, ɗan'uwansa sa'ansa ne. Kada a bar kalifa tana reto a jikin tiyo yayin aiki, a rataye ta da waya, kada kuma a mayar da ita tiyon yana murɗe. A cire iska har sabon mai ya fito fari tas, a tsaya a layin da aka zana a jikin tanki. Kafin a motsa motar ko taku ɗaya a yi ta taka feda har ta yi tauri, domin fistin da aka mayar ciki yana nesa da fad, takun farko fanko ne, garejin kuma cike yake da mutane. Sai bayan haka a daidaita birkin hannu. A fita da motar tafiyar da ta kai wadda ta saba tayar da ciwon, a dawo, a sake kai bayan hannu kusa da wili na dama da na hagu, a ɗaga a juya su da zafinsu, sannan a miƙa wa mai ita makulli.